Labulen Ɗakin Lu'ulu'u

Da Larabcin littafi ya fara yi mata magana, irin wanda ba a cika jin sa a Makka ba sai a huɗubar Juma'a.

Shifa ta ɗago kai daga kwamfutarta. Tana zaune ne a sashen iyali, inda ake karɓar mata, na ofishin tafiye-tafiye na mahaifinta, Alhaji Mukhtaru, a unguwar Rusaifa. Wani saurayi ne tsaye a gaban teburinta, dogo siriri, sanye da farar jallabiya da hular da kallo ɗaya za ka san daga Najeriya ta zo. A gefensa wata dattijuwa tana ta firfita da gefen hijabinta, duk da sanyin watan Disamba.

"Kai Abdulquddus, bar dogon Larabcin nan," in ji dattijuwar da Hausa. "Tambaye ta kawai ko ɗakin yana shan iska."

Shifa ta yi murmushi a cikin niƙabinta. "Sannu da zuwa, Hajiya. Tafaddali, ga kujera. Ai ni ma Bahaushiya ce, a nan dai aka haife ni."

"Ikon Allah! Ashe 'yar gida ce. Ka ji ko? Ka yi ta wahalar da kanka a banza."

Saurayin ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar ce ta fara shiga ran Shifa, don ba ta taɓa ganin mutum ya ji kunya ya kuma yi wa kansa dariya a lokaci ɗaya ba.

Dattijuwar, Hajiya Hadijatu, ƙanwar mahaifiyarsa ce. Daga Zariya suka zo Umra ita da mijinta, kuma suna son a hanyar komawa su tsaya a Dubai su shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, wanda ake kwana bakwai a cikinsa. Shi kuwa Abdulquddus ɗalibi ne, yana karatun fiƙihu a jami'a, shi ya sa ya rako ta.

A shekarar ne, 2015, ofishin ya fara sayar da tikitin irin wannan jirgi. Shifa ta zaro takardar talla mai sheƙi ta shimfiɗa musu. Ɗakuna kala biyar ne, kowanne da sunansa da hotonsa, da Larabci da Hausa: Lu'ulu'u, Murjani, Yaƙutu, Zumurrudu, sai na ƙarshe da aka kira Rabo.

Abdulquddus ya ɗora yatsa a kan na farko ya karanta a hankali. "Lu'ulu'u. Natsuwa a tsakiyar teku, barcin da babu mai katse shi. Masha Allah. Me ake hangowa ta tagarsa?"

Shifa ta ce, "Ba shi da taga."

"To wannan labulen na cikin hoto fa, mai haske a bayansa?"

"Labule ne kawai. Bayansa bango ne da fitila."

"Bango?" Hajiya Hadijatu ta dafe ƙirji. "Ni da asmata? Kwana bakwai a akwati?"

"Murjani fa?" in ji shi.

"Shi yana da taga. Amma kwale-kwalen ceto ne a rataye a gabanta, sai dai ka ga ruwa ta gefe kaɗan."

"Rabo kuma?"

"Za ka biya, kamfanin jirgi ne zai zaɓa maka ɗaki ranar shiga. Wanda ya samu, ya samu."

Ta juyo musu da kwamfutar ta nuna musu taswirar jirgin hawa-hawa, ta nuna inda Yaƙutu yake, mai taga ba abin da ya tare ta. Shi suka ɗauka.

Da suka tashi tafiya, Abdulquddus ya sake duban takardar ya girgiza kai. "Wanda ya rubuta wannan gwani ne wallahi. Ya san yadda ake zagaye gaskiya ba a taka ta ba. Allah ya saka miki da alheri da ba ki biye masa ba."

Shifa ta ce amin a ciki-ciki. Fuskarta ta yi zafi. Ita ce ta rubuta takardar, kowace kalma.

Hajiya Hadijatu ba ta fita ba sai da ta karɓi lambar wayarta da kwatancen gidansu.

*

Kwana uku bayan nan sai ga Hajiya Hadijatu a gidan, da ƙunshin kilishi da daddawa. Mahaifiyar Shifa ta rasu tun tana ƙarama, Gwaggo Ruƙayyatu, yayar mahaifinta, ita ta raine ta. Tsofaffin biyu suka zauna suka sha shayi kofi bayan kofi, suka yi hirar Zariyar da Gwaggo ta baro tana da shekara bakwai, suka yi ƙus-ƙus. Da baƙuwar ta tafi Gwaggo ta kira Shifa.

"Yaron nan zai rubuto miki. Na yarda. Amma duk abin da ya rubuto sai na ji."

Washegari da hantsi saƙon ya shigo.

"Assalamu alaikum. Abdulquddus ne, mai Larabcin huɗuba. Inna Hadijatu ta ce in yi miki godiya, ni kuma na ce godiyar ta yi min nauyi in aiko ta a saƙo ɗaya, sai dai in riƙa aiko ta kaɗan-kaɗan. Idan an ba ni izini."

Sau uku Shifa tana rubuta amsa tana gogewa.

"Wa alaikumus salam, Ustazu. Gwaggo ta ce an ba ka. Amma ta ce kar ya wuce sau ɗaya a rana."

"Na karɓi hukuncin Gwaggo. Wannan na yau ne ko na gwaji?"

Gwaggo da aka karanta mata ta yi dariya har da tari. "Ce masa na gwaji ne."

Haka aka fara. Yakan ba ta labarin darasinsu, da yadda yake dafa shinkafa ta caɓe a ɗakinsa na unguwar Ka'akiyya. Ita kuma ta ba shi labarin littattafan da take karantawa a ɓoye a ƙarƙashin tebur idan ba masu saye. Yana kiranta Shifa'ata, wata rana kuma Malama. Ita ba ta wuce Ustazu ba, sai ran nan hannunta ya zame ta rubuta Ustazuna, ta kifa wayar a kan katifa ta gudu kicin.

Wata rana ya rubuto mata:

"Inna ta isa gida lafiya. Ta ce kullum da safe a bakin taga take lazimi tana kallon ruwa, tana sa miki albarka. Ta ce da mai takardar nan ta biye wa, da yanzu ana mata ƙarin iska a asibiti."

Shifa ta karanta, ba ta amsa ba. Ba ta amsa ba ranar, ba ta amsa ba washegari. A rana ta uku ya sake rubutowa.

"Shifa'ata, idan na yi laifi ki gaya min sunansa in san ta inda zan fara tuba. Shinkafata ma ta daina caɓewa, ta koma ƙonewa."

Sai da ta idar da azahar ta zauna ta rubuta masa doguwar amsa.

"Ba ka yi laifi ba. Ni ce na rubuta takardar. Kamfanin jirgi haruffa da lambobi suka aiko mana, da wasu sunaye na Turanci. A wurinsu babu ɗakin da ake kira ƙarami, babu wanda ake kira na ƙasa. Mafi ƙanƙanta ma sunan yabo gare shi, kuma wanda ya fi rashin abin gani shi ake ba sunan da ya fi daɗi. Talal, ɗan ƙanin Abuya, wato mahaifina, shi ke kula da sashen jirgi. Ya ce ba mai sayen ɗaki ba taga, amma kowa zai sayi lu'ulu'u. Ni kuma ina son kalmomi masu daɗi, na zauna na zaɓo su ina jin daɗin kaina. Ban tuna da mai asma ba. Tun ranar nake son in gaya maka, na ji tsoro ka daina ganin mutuncina."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Na yi miki katoɓara a gabanki ban sani ba, ki yafe min zafin maganar. Amma ba zan ce miki takardar daidai take ba, don kin san ba haka ba ne, kuma kin fi ni sani. Abin da na gani ranar shi ne yarinyar da aka tambaye ta sau uku ta faɗi gaskiya sau uku, a ofishin babanta. Tun a bakin ƙofa na ce wa Inna ita nake so. Ki tambaye ta."

Shifa ta kai wa Gwaggo wayar. Gwaggo ta saurara har ƙarshe ta ce, "To me ake jira? Ya turo manya."

*

Alhaji Mukhtaru mutum ne mai fara'a da yawan kyauta, amma akwai abu ɗaya da ba ya ɗauka, wato a taɓa sunansa a gaban mutane. Shekara talatin yana sana'ar masaukai da motocin alhazai, ba a taɓa kai ƙararsa ko'ina ba, kuma da wannan yake alfahari. Ya daɗe yana sha'awar haɗa Shifa da Talal, ko da yake bai taɓa matsa mata ba.

Da maganar Abdulquddus ta iso gare shi sai ya ce zai bincika. Bayan mako guda ya dawo gida da rana fuska a ɗaure.

"Ya binti, wannan ɗalibin ki cire shi a ranki."

"Abuya, me ya yi?"

"Talal ya ji daga bakin wanda yake wurin. Ya tashi a majalisin karatu, gaban mutane, ya ce cinikinmu na jirgi cinikin garari ne, muna sayar wa mutane abin da ba su sani ba. Ni Mukhtaru! Yaro ya shigo ofishina an karrama shi, ya fita ya kai ni gaban malamai. Yau sana'ata, gobe in ya aure ki sai ya kai sirrin gidana. Halas, na gama magana."

Shifa ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗauki waya.

"Da gaske ka kai maganar ofishinmu majalisi?"

"Na yi tambaya, ba zan ɓoye miki ba. Muna babin ciniki, na tambayi malam hukuncin mutum ya biya kuɗin ɗaki alhali bai san wanne za a ba shi ba, irin Rabo. Ban ambaci ofis ba, ban ambaci unguwa ba, ban ambaci sunan kowa ba. Malam ma cewa ya yi akwai bayani a ciki, idan an faɗa wa mai saye mafi ƙarancin abin da zai samu. Amma na yi kuskure da ban yi tunanin wani zai gane ba."

"Abuya ya ce a'a."

Sai ga amsarsa ta shigo.

"Ba zan zagaya bayansa ba, Shifa'ata. Daga yau ba zan sake rubuto miki ba sai ya yarda. Ki roƙa min Gwaggo abu ɗaya, ya ba ni dama in zo gabansa ko zagina ne ya yi."

Kwana goma sha ɗaya wayar ba ta yi ƙara da sunansa ba. Shifa tana zuwa aiki tana dawowa, littafin da ke ƙarƙashin tebur yana shafi ɗaya. Talal ya zo sashenta sau biyu da kofin gahawa, yana cewa ɗaliban nan haka suke, da sun gama sai su tattara su koma ƙasarsu. Ta gode masa, gahawar ta huce a inda ya ajiye ta.

Gwaggo kuwa ba ta yi gardama da ƙanenta ba. Abinci kawai ta daina zama ci tare da shi. A rana ta tara ya gaji.

"Yaya, wai me kike so in yi?"

"Ka ji ta bakinsa. Ko a kotu ana jin ta bakin mutum."

"Ɗayyib, shi ke nan. Ya zo ofis ranar Alhamis."

*

Alhamis kafin la'asar Abdulquddus ya shiga ofishin Alhaji Mukhtaru. Ya yi zaton su biyu ne. Sai ya tarar da Talal a tsaye jikin taga, da wasu dattawa biyu abokan Alhaji suna shan shayi. Ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Zauna a kujera, nan ba Zariya ba ce," in ji Alhaji. Ya jefa takardar tallar a kan tebur. "Ga ta nan. An ce kai malami ne. Nuna min ƙarya ɗaya a ciki."

"Baba, ni ɗalibi ne. Kuma ban taɓa ambaton sunanku ba a..."

"Ban tambaye ka wannan ba. Ka ce muna sayar wa mutane abin da ba su sani ba. To bari ka ji. Yayata Ruƙayyatu tana da shekara bakwai aka ƙetaro da ita daga Sudan zuwa Jidda, a can ƙasan jirgi, tsakanin buhunan dawa. Kwana uku a kan teku ba ta ga ruwa ba ko sau ɗaya. Har yau tana faɗa. Wata mai zuwa ni da kaina zan kai ta jirgin nan. Ban gaya wa kowa a gida ba, don Shifa ba ta iya riƙe magana a gaban gwaggonta. Na ɗauki takardar nan tawa, na zaɓa mata Lu'ulu'u, babba, a hawa na sama. Ta buɗe labulen nan da safe ta ga tekun da aka hana ta gani." Ya buga yatsa a kan hoton. "Abin da nake sayar wa mutane shi na saya wa 'yar uwata. Mai yaudara yana haka?"

"Masha Allah," in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Ka ji magana."

Abdulquddus ya dubi hoton. Ya ɗaga ido ya dubi Talal. Talal ya sunkuyar da kai yana latsa waya, kunnuwansa sun yi ja. Alhaji harkar masaukai da motoci ya sani, sashen jirgi ya bar wa yara, bai taɓa buɗe taswirar ba. Kuma Lu'ulu'un hawa na sama ya fi Murjani tsada, babu abin da zai sa ya yi shakka.

Kalma huɗu kawai Abdulquddus zai faɗa ya wanke kansa a gaban kowa. Ya haɗiye su.

"To?" in ji Alhaji. "Ina ƙaryar?"

"Babu ƙarya a rubuce, Baba. Allah ya saka muku da alheri a kan Gwaggo."

Dattawan suka yi dariya. "Ustazu ya janye fatawa! Yaro, karatu daban, kasuwa daban."

"Haka ne, Baba," in ji shi.

Sai aka kira la'asar. Aka tashi, aka rufe ofis, kowa ya nufi masallacin da ke ƙarshen layi. Abdulquddus ya jira dattawan suka yi gaba, ya matso kusa da Alhaji ya rage murya.

"Baba, ina neman alfarmar minti ɗaya, mu biyu."

"Na ji ta bakinka ai."

"Ba maganata ba ce. Maganar Gwaggo ce. Ɗakin Lu'ulu'u ba shi da taga. Labulen nan bango ne a bayansa, da fitila. A tsakiyar jirgi yake, ko ta ina ba a ganin ruwa. Ku sa a duba muku taswira yau, tun ana iya canzawa."

Alhaji ya tsaya cak a gefen titi.

"Me ka ce?"

"Ba shi da taga, Baba."

Wata mota ta wuce, wani mai shago ya ja ƙofarsa ƙasa. Alhaji ya juyo ya dube shi.

"Ka sani tun muna ciki?"

"Na sani."

"Suna maka dariya ka yi shiru? Da ka faɗa, ai da ka kayar da ni."

"Da abokanku sun koma gida da labarin. Ni kuma so nake ku zama ubana, Baba. Ba zan so a yi wa ubana dariya ba."

Alhaji ya juya. Ya ci gaba da tafiya, ya cire takalmi a ƙofar masallaci. Amma da aka tayar da sahu, ya kamo hannun rigar Abdulquddus ya tsayar da shi a gefensa.

*

Bayan salla Alhaji ya wuce kai tsaye sashen iyali, abin da ba ya yi.

"Buɗe min taswirar jirgin nan."

Shifa ta buɗe. Ya ba ta lambar ɗakin, ta nemo ta. Ɗan murabba'i ne a tsakiyar hawa na goma, ɗakuna sun kewaye shi ta ko'ina.

"Wa aka kama wa wannan, Abuya?"

"Gwaggonki."

Ta toshe baki da hannu. "Abuya, ni na rubuta. Ni na sa masa sunan, ni na zaɓi hoton. Laifina ne."

"Ni kuma na sa hannu ban karanta ba." Ya zauna a kujerar masu saye, ya cire tabarau ya murza ido. "Shekara sittin da biyu tana jiran ta ga ruwan nan. Da na mayar da ita ƙasan jirgi da hannuna, ina murna. To wa ya san mutum nawa muka yi wa haka?"

A take suka canza wa Gwaggo zuwa Zumurrudu, mai baranda, saura biyu kacal a jirgin. Sannan ya kira Talal.

"Ka san ba taga?"

"Na sani, Ammi," in ji Talal, haka yake kiran baffan nasa da Larabci. "Ban san ita ka kama wa ba sai ɗazu, kuma na rasa ta yadda zan faɗa."

"Shi ɗalibin ya samu ta yadda zai faɗa. Kuma a majalisin, ya ambaci sunana?"

Talal ya ce, "Bai ambata ba. Ni na gane mu ne."

Alhaji ya gyaɗa kai. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce a bar sunayen yadda suke tunda mutane sun saba, amma a ƙarƙashin kowanne a rubuta layi ɗaya da manyan haruffa. Shifa ta rubuta su a gabansa. Lu'ulu'u: babu taga. Murjani: akwai taga, kwale-kwalen ceto ya tare rabinta. Rabo: kamfani ne zai zaɓa, yana iya zama mara taga. Ya kuma sa a buga wa duk wanda ya riga ya kama Lu'ulu'u waya a gaya masa.

"Ammi, ciniki zai ragu," in ji Talal.

"Ya ragu."

Da magariba ya sa aka kira masa Abdulquddus gida. A falo suka zauna, Gwaggo tana gefe, Shifa tana bayan ƙofar kicin tana riƙe da faranti don a ce aiki take.

"In na ba ka ita, ina za ka ajiye ta?"

"Na samu wani gida a Ka'akiyya, Baba. Ɗaki biyu ne ƙanana, hawa na uku, babu lif. Tagar falo garejin gyaran mota take kallo, suna fara buga ƙarfe tun ƙarfe bakwai. Ruwa yana ɗaukewa wani lokaci. Na'urar sanyin ɗaki ɗaya tana ƙara kamar babur. Saura min shekara biyu in gama, bayan nan ban san inda Allah zai ajiye ni ba, nan ko gida. Ba zan yi muku alkawarin abin da ban sani ba."

Alhaji ya dubi yayarsa. "Yaya, kin ji tallan gida? Wannan ko kyauta ya ba da shi ba mai karɓa."

"Akwai mai karɓa," in ji Gwaggo. "Tana bayan ƙofa, farantin nan tun ɗazu take goge shi."

Farantin ya faɗi ƙasa. Alhaji ya yi dariya har ya share hawaye.

"Ka turo manyanka," ya ce.

Kafin Abdulquddus ya kai bakin titi saƙo ya shigo wayar Shifa.

"Shifa'ata, an ɗage takunkumi. Ina bin Gwaggo saƙon kwana goma sha ɗaya, ki tambaye ta ko zan iya rama su."

"Ta ce ka rama, Ustazuna. Amma ka fara isa gida, kar mota ta buge min kai."

*

A watan Maris Alhaji ya kai Gwaggo jirgin. Ta dawo ta yi baƙi, don a baranda take wuni, ta ƙi shiga ɗakin cin abinci sai dai a kawo mata. Ta ce ashe ruwan ba kala ɗaya ba ne, da safe daban, da yamma daban.

Aka sa biki bayan ƙaramar salla. Hajiya Hadijatu ta dawo daga Zariya da mahaifiyar ango da akwatuna cike da atamfa da turaren wuta. Matan Rusaifa suka yi lallensu irin na Larabawan Hijaz, matan Zariya suka yi nasu, aka yi ta gardamar lallen wa ya fi kama hannu. Talal da kansa ya ɗauki nauyin jigilar baƙi, ya kuma rungumi ango ya ce masa mabruk, wato barka, ko da yake bai iya haɗa ido da shi sosai ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka ɗaura aure a falon gidan. Shifa tana ciki a tsakiyar mata, an lulluɓe ta, tana jin muryoyin maza sama-sama. Da aka shafa fatiha guɗa ta tashi. Wayarta ta yi motsi a cinyarta.

"Alhamdu lillahi. Assalamu alaiki, matata."

Ba ta samu ta amsa ba, don an ce Alhaji yana bakin ƙofa yana son ganin 'yarsa. Mata suka ja mayafi suka ba da hanya. Ta taso ta durƙusa a gabansa, ya ɗago ta ya riƙe hannayenta biyu masu lalle. Mutumin da ba ya rasa abin faɗa, ranar sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ya binti, ban ba shi ke don karatunsa ba. Na ba wa wanda ya samu damar kunyata ni a gaban abokaina, ya zaɓi a yi masa dariya. Wanda ya rufa min asiri zai rufa miki. Ke ma ki rufa masa."

"In sha Allahu, Abuya."

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa albarka a kanku, ya haɗa ku a cikin alheri, ya ba ku zuriya masu faɗin gaskiya da taushin baki. Allah ya jiƙan mahaifiyarki."

"Amin," in ji matan gaba ɗaya. Gwaggo ta fi kowa ɗaga murya, tana kuka tana dariya.

Alhaji ya juya da sauri ya koma wurin maza, yana goge fuska da gefen rawaninsa. Shifa ta koma ta zauna, ta ɗauki wayar ta rubuta:

"Wa alaikas salam, mijina."